Gargaɗi ga mutanen 'Yankuzo da kewaye: kada a miƙa yaro ga baƙon hannu

Jama'ar 'Yankuzo da Hayin Alhaji, da 'yan uwanmu da gudun hijira ya watsa cikin Tsafe da Kwatarkwashi da Bunguɗu da Gusau, maganar nan ta gaggawa ce. Duk wanda ya zo muku da sunan taimako, ya ce ku ba shi yaro ko yarinya zai kai makaranta, ko gidan marayu, ko gidan aiki a birni, kada ku ba shi. Ko da buhun shinkafa ya zo, ko da takarda mai hatimi, ko da gaisuwar wani babba da kuka sani, ku riƙe ɗanku tukuna. A kai maganar zauren maigari, daga nan a wuce ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma. Wanda ya ƙi bin ku zuwa waɗannan wurare biyu, ya riga ya ba ku amsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, a gabana ya faru. Na je gaida wata gwaggota da ke zaune a wani kango cikin Tsafe tun bayan da aka harbe ɗanta a gona, ya bar mata jikoki huɗu. Ɗakin babu ƙyaure, buhun taki aka rataya. Na tarar da wata mata a kan tabarma, hijabi har ƙasa, ta ajiye taliya leda biyu da sabulu guda uku, tana shafa kan babbar jikar, wadda ba ta wuce shekara tara ba.

"Inna, ɗawainiyar nan ta yi miki yawa," in ji ta. "Ki ba ni wannan mai wayon. Makaranta za a saka ta, kuma duk wata za a riƙa aiko miki da ɗan abin cefane."

Gwaggo ta dubi taliyar, ta dubi yarinyar. "To ɗiyata, wane gari ne?"

"Can birni. Gidan mutunci ne, wallahi."

Na ce, "Hajiya, sannu da ƙoƙari. Wace unguwa ce, kuma gidan wa? Mu taka wurin mai unguwa a rubuta, gobe mu je sakatariya tare." Sai fara'a ta ragu. Ta ce akwai waɗanda ke jiranta a tasha, za ta dawo bayan la'asar. Har taliyar ta ƙare ba mu sake ganinta ba. Ban kira ta ɓarauniya ba, Allah ya san zuciyarta. Amma da na makara da rabin awa a ranar, da yarinyar ta tafi, kuma babu ko mutum ɗaya a gidan da zai iya faɗin sunan garin da aka kai ta.

Kada wani ya ce tsoratarwa ce. A watan Oktoba na 2019 'yan sandan Kano suka dawo da yara tara daga Onica ta jihar Anambara. An ɗebe su ne daga unguwanni irin su Sauna da Kawo da 'Yankaba da Dakata, aka sayar, aka sauya musu suna da addini, wasunsu suka shekara da shekaru a can har Hausa ta kuɓuce musu. A 2021 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa Paul Owne, wanda ya amsa laifin sace yaran, ɗaurin shekara 104. Wannan a tsakiyar birnin Kano ke nan, inda akwai caji ofis kusan kowace unguwa, ga gidajen rediyo na karanta cigiya safe da yamma. To ina ga ƙauyen da hanyarsa ke hannun 'yan bindiga, sabis ɗin waya ya zo yau ya ɗauke gobe, kuma rabin mutanensa sun watse?

Mu a nan idonmu na kan daji, kuma da dalili. Mun ga Jangebe a Fabrairun 2021, inda aka sace ɗalibai mata 279. Mun ga satar ɗaliban Kaya ta Maradun a Satumbar shekarar, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kwashe a Sabon Gida cikin Satumbar 2023. Waɗannan duniya ta ji, gwamnati ta tashi tsaye. Wanda ake ɗauka da sallama da murmushi kuwa, ɗaya-ɗaya, babu mai ƙirga shi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, dillaliyar da ke tara 'yan mata zuwa aikatau galibi tamu ce. Yarenmu take yi, ta san wadda mijinta ya mutu, ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu ne muke miƙawa, don yunwa ta sa mun daina tambaya.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Riƙon ɗan wani yana da doka, kuma akwai hukumar da aka ɗora wa alhakinsa. Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Zamfara kuma ta sa hannu kan tata dokar ta kare yara a 2022, zamanin Gwamna Bello Matawalle. Ma'aikatar harkokin mata da yara ta jiha, da ke Gusau, ita ce uwar wannan aiki. Gidan marayu na gaskiya sai da rajistarta yake buɗewa, kuma tana da ikon shiga ta duba inda yara ke kwana da abin da suke ci. Idan baƙo na son ɗaukar yaro riƙo, jami'in walwala ne zai binciki gidansa da sana'arsa da halinsa, ya rubuta rahoto, kotu ta ba da izini. Bayan an ba shi ma ba a gama ba, ana komawa a ga halin da yaron ke ciki. Yaron da aka tsinta, ko ya ɓace wa iyayensa wajen gudu, ma'aikatar ce ke da alhakin ajiye shi da neman danginsa. Saboda haka mai ƙungiyar da ya ce muku "ba sai an je ofis ba, ɓata lokaci ne", ku sani matakin da ke kare ɗanku yake son ku tsallake.

Sai hukumar NAPTIP, mai yaƙi da safarar mutane, wadda aka kafa a 2003. Dokarta ta 2015 ta haramta saka yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Hukuncin ya hau kan mai ɗaukar aikin, da mai kai yaron, da mai bayar da shi haya. Uwa ko kaka da ta karɓi kuɗin wata, ta lura da wannan na ƙarshe.

Ba riƙon dangi nake suka ba. Da shi muka tashi, da yawanmu a ɗakin kaka ko gidan kawu muka yi wayo, kuma addini ya kwaɗaitar da riƙon maraya, ya kuma hana a sauya masa uba. Amma riƙon da muka gada, an san gidan, ana zuwa da salla, yaro na jin sunan ubansa a bakin mai riƙonsa. Haka almajirci. In za a kai yaro gaban malam, uba ya taka da ƙafarsa ya ga tsangayar, kada a damƙa shi ga direba a ce "ka sauke shi Zariya". A 2020, lokacin korona, da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci, ma'aikatun mata da UNICEF sun sha wahalar gano iyayen wasu, don akwai yaran da ba su iya faɗin sunan ƙauyensu ba.

Yanzu ga ma'aikata, ranku ya daɗe. Doka a cikin durowa ba ta hana a ɗauki yaro a 'Yankuzo. Matar da ta gudo da goyo da tabarma ba ta da kuɗin motar Gusau, in ma ta samu, hanyar Tsafe kowa ya san halinta. Ku ne za ku zo. Yawancin masu gudun hijirarmu ba a sansani suke ba, suna cikin kangaye da azuzuwan firamare da zaurukan 'yan uwa, inda babu mai rubuta sunan kowa. A turo jami'an walwala su bi su gida-gida tare da masu unguwanni, a rubuta kowane maraya da wanda ke riƙe da shi. A karanta sunayen gidajen marayu masu rajista a rediyo, da Hausa, a maimaita har mutane su haddace. A haɗa hannu da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da Hisba, domin kakar da ke da tiya biyu ta masara a ɗaki ba ta sauraron dillaliya. Kare yaro a ƙasar nan daga tukunyar uwarsa yake farawa, kuma rabon kayan salla sau ɗaya a shekara gaban kyamara bai isa ba. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023. Yaran da ke kwana a azuzuwa maimakon karatu a cikinsu, su ma ɗalibai ne, a sa su cikin lissafi.

Kafin su iso, ga abin da ke hannunmu yau. Kowane gida a ɗauki hoton kowane yaro a waya, ko ta maƙwabci ce, a tura wa ɗan uwa a wani gari don kada wayar ta salwanta da hoton. A koya wa yaro sunansa da na ubansa da na kakansa da garinsu, har ya iya faɗa ko daga barci aka tashe shi. A yi masa takardar haihuwa wurin Hukumar Ƙidaya, ana samun jami'anta a asibiti da sakatariya. 'Yan yuniyan na tashar Tsafe da 'yan acaba, ku ne idon gari. In kun ga mace ko namiji da yara uku huɗu da ba su yi kama da nasa ba, yaran sun yi tsuru-tsuru, ku tambayi yaran da kansu ina za su, kuma wace ce wannan. Liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, mata su faɗa a gidan suna da islamiyya.

In yaro ya ɓata, kada a ce bari a ga wayewar gari, kada a fara da gidan mai duba. A sa'ar nan a sanar da maigari da 'yan sanda, a aika tasha, a ba da cigiya a masallaci, a kai hoto ofishin walwala. Motar da ta bar Tsafe da hantsi, kafin magariba ta wuce Kaduna.

In kuma an kama wanda ake zargi, kada wanda ya ɗaga masa sanda. Mun ga abin da ihun "ɓarayin mutane" ya jawo a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano, aka ƙona su. Bayan alhakin rai, wanda aka kashe ya tafi da sunan wanda ya aiko shi da inda aka kai yaran baya. A zaunar da shi zauren maigari, a karɓi wayarsa a ajiye kada a taɓa komai a cikinta, a kira 'yan sanda da jami'in walwala su zo su same shi da ransa.