Buhun simintin Malbaza a duniyar wata: kilo 50 ko kilo 8?

Duk ɗan dakon da ya taɓa sauke siminti a Illela ko Birnin Ƙonni ya san abin da kilo 50 ke yi wa gadon baya. Amma da za a kai buhun nan na masana'antar Malbaza duniyar wata, a ɗora shi kan sikeli mai allura, kilo 8 da 'yar ɗoriya zai nuna. Ɗan firamare ma sai ya sungume shi. Mai kilo 72 kuwa, 12 sikelin zai ba shi.

Abin da irin wannan sikeli ke aunawa shi ne ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi, kuma janyowar wata kashi ɗaya cikin shida ce ta duniyarmu. Duniya ta ninka wata sau 81 wajen yawan abin da ta ƙunsa, to me ya sa bambancin ya tsaya a shida? Saboda wata ƙarami ne, faɗinsa kwatan na duniya ne da kaɗan. Wanda ya tsaya a kansa yana kusa da cibiyarsa, janyowa kuwa tana ƙaruwa da kusanci.

Sai dai masu neman rage teɓa kada su yi saurin murna. Tsoka da kitse da ƙashi suna nan yadda suke, ko giram ɗaya bai ragu ba. Sikeli mai faranti biyu, irin na duwatsun awo, zai tona asirin: kilo 50 zai nuna ko a can, tunda duwatsun ma sun yi sauƙi. Kuma idan aka wurgo wa mutum buhun nan da gudu, dukan da zai sha a ƙirji daidai yake da na Illela.

Neil Armstrong da Buzz Aldrin sun gane wa jikinsu haka a ranar 20 ga Yulin 1969. Rigar kowannensu da jakar iskar da ya goya sun haura kilo 80 a duniya, a can kamar kilo 14 suka zama. Ɗauka ba wuya, tsayawa ce aiki: wanda ya ɗau sauri sai ya yi 'yan taku kafin ya iya cin birki. Shi ya sa ake ganin 'yan sama jannatin Apollo suna tsalle-tsalle, wasu har da faɗuwa.

Babbar damuwar likitoci ita ce ƙashi, domin ɗaukar nauyi ke ƙarfafa shi. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda jiki ke shawagi, ƙasusuwan ƙugu da na baya kan rasa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwarinsu kowane wata, shi ya sa mazauna tashar ke motsa jiki kamar awa biyu kullum. Mutum 12 da suka taka wata daga 1969 zuwa 1972, babu wanda ya wuce kimanin kwana uku a can. Yanzu Amurka, ta shirinta na Artemis, da kuma Sin suna maganar zaman watanni, alhali babu ɗan Adam da ya taɓa gwada ko wannan 'yar janyowa za ta isa ta riƙe masa ƙashi.