Kaset Ko Dijital: Wanne Ya Fi Sauti?

Gardamar nan ba ta ƙarewa a hostal. Wasu sun rantse waƙar Shata ta fi daɗi a kaset, wasu kuma su ce ai zamani ya wuce nan. Ni dai ɗalibin lantarki ne, bari in faɗi yadda abin yake.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, zare ne da aka shafa wa garin ƙarfe. Sauti yana zama wutar lantarki, ita kuma ta bar sawunta a jikin zaren ta hanyar maganaɗisu. Zaren yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa, na situdiyo kuwa kan kai santimita 38, shi ya sa ya fi tsabta. Matsalar kaset uku ce: wannan "shuuu" da ake ji a ƙasa, rawar murya idan injin bai juya daidai ba, da raguwar inganci duk lokacin da aka kwafa daga wani kaset zuwa wani.

Dijital kuwa auna sautin yake yi, ya mai da shi lambobi. Faifan CD, wanda ya fito a 1982, yana aunawa sau 44,100 a daƙiƙa. Wannan ya isa ya kama duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji, wato har zuwa kaɗawa 20,000 a daƙiƙa. Ko sau ɗari ka kwafa, lambobin ba su canzawa.

To me ya sa kaset ke wa wasu daɗi? Idan sauti ya yi wa zare yawa, a hankali yake danne shi, sai a ji wani taushi. Dijital kuwa datse shi yake yi, sai a ji tsatsa a kunne. Sannan yawancin abin da muke ji a waya MP3 ne da aka matse: kilobit 128 a daƙiƙa, alhali CD 1,411 ne. Laifin matsewa ne, ba na dijital ba.

Shawarata: idan akwai tsofaffin kaset a gidanku, na wa'azi ko na bikin iyaye, ku juye su a kwamfuta a fayil ɗin WAV tun da wuri. Zafi da ƙura suna cin zare, kuma muryar da ta goge ba ta dawowa.