WASIƘA DA SUNAN WANI

Duk wanda ya zauna a ajin makarantar Lahadi ya san labarin Nabot da gonarsa ta inabi. Amma sau da yawa mukan tsallake yadda aka ƙulla mutuwarsa. Yezebel ce ta zauna ta rubuta wasiƙu da sunan mijinta, sarki Ahab, ta buga musu hatiminsa, ta aika wa dattawan garin. Dattawa kuwa da suka ga suna, suka ga hatimi, ba wanda ya tashi ya je ya tambayi sarki ko maganar daga bakinsa ta fito. Suka aikata abin da takarda ta ce, aka jejjefe marar laifi. Mai karatu ya duba 1 Sarakuna sura 21, labarin yana nan.

Dabarar Yezebel tana nan da rai, riga kawai ta sake. Yanzu ta hanyar imel take zuwa, watau wasiƙar da akan aika ta intanet. Wani zai ce ina ruwan mutumin Bebeji ko Kiru da wannan, mu da noma da kiwo muka sani? To, ruwanmu fa ya yi tsaki. Yaronka ba zai yi rajistar jarrabawar JAMB ba sai da imel. Mai neman aikin gwamnati, da ɗalibin da ke neman rancen karatu na NELFUND wanda aka fara a 2024, duk ta imel akan amsa musu. Ma'ajin ekklesiya da shugaban makaranta su ma ta nan suke samun saƙo daga hedkwata ko daga abokan aiki na ƙasashen waje. Ga shi kuwa da yawa cikinmu yaron shagon kwamfuta ne ya buɗe mana imel ɗin, shi ya zaɓi lambar sirri, har wa yau tana nan rubuce a littafinsa.

A zamanin iyayenmu, in wasiƙa ta zo ta akwatin gidan waya na ekklesiya, ko direba ya kawo ta ranar kasuwar Kwanar Dangora, tun kafin a yage ambulan an san mai ita, gama an san hannunsa. Imel ba shi da hannu. Rubutun fasto da na ɓarawo iri ɗaya ne a fuskar waya.

Yadda ƙofa ta kasance a buɗe

Wani Ba'amurke mai suna Ray Tomlinson ne ya fara aika imel daga wata kwamfuta zuwa wata a 1971. A 1982 kuma wani masani, Jon Postel, ya rubuta ƙa'idar da manyan kwamfutoci masu aikin gidan waya za su riƙa bi wajen miƙa wa juna wasiƙa. Ana kiranta SMTP, ita ce kuwa ake amfani da ita har yau, ko da yake an yi mata gyare-gyare. A lokacin masu amfani da hanyar kaɗan ne, malaman jami'a da ma'aikatan bincike, kusan kowa ya san kowa. Saboda haka ba a sa wani mai gadi da zai tambayi mai aikawa shaida ba. Kwamfuta takan yi sallama, ta ce ga wasiƙa daga wane zuwa ga wane, ɗayar ta karɓa. Iyakar abin ke nan.

Sa'an nan kowace wasiƙar imel suna biyu take ɗauke da shi. Akwai na bayan ambulan, wanda kwamfutoci suke dubawa, akwai kuma na saman takarda, wanda kai mai karatu kake gani. Ƙa'idar 1982 ba ta ce lalle su zama ɗaya ba. Ka ɗauka kamar mutum ne ya je gidan waya ya sayi kan sarki, ya rubuta sunan hakimi a wurin mai aikawa. Akawu ba zai tambaye shi ba, aikinsa shi ne ya ga an biya kuɗi, an rubuta inda za ta. Har ma a shekarun farko yawancin waɗannan kwamfutoci sukan karɓi wasiƙar kowane baƙo su isar masa kyauta, sai da masu banzan talla suka cika duniya da shara aka fara rurrufe su.

Ba a daɗe ba aka ga illar sakaci. A watan Nuwamba na 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta. Ɗaya daga cikin kafofin da ta bi shi ne wani rami a cikin Sendmail, manhajar da ke rarraba wasiƙu. An ƙiyasta kwamfutoci wajen 6,000 suka kamu, a lokacin da intanet ɗin duka bai taka kara ya karya ba.

Ƙwararru sun yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. Suka fito da SPF, inda kowace ma'aikata za ta sanar da jerin kwamfutocin da ta yarda su aika wasiƙa da sunanta, kamar yadda sarki yakan ce ga manzannina, in wani ya zo ban aiko shi ba. A 2007 aka tsayar da DKIM, wani irin hatimi na lissafi wanda in an taɓa ko harafi ɗaya a cikin wasiƙar sai ya ɓaci. Wannan kam yakan tuna mini da manzo Bulus. A 2 Tasalonikawa sura 2 ya gargaɗi masu bi kada wata wasiƙa da aka ce daga wurinsa take ta girgiza su, a ƙarshen sura 3 kuma ya rubuta gaisuwa da hannunsa ya ce ita ce alamarsa a kowace wasiƙa. Ashe ekklesiya ta fari ma ta sha fama da wasiƙun jabu. A 2012 aka ƙara DMARC, wanda yake gaya wa mai karɓa abin da zai yi da wasiƙar da ta fāɗi gwaji, ko ya ware ta gefe ko ya ƙi ta. Sai dai duk waɗannan ganin dama ne, ba dole ba. Sai a Fabrairu 2024 Google da Yahoo suka tilasta wa masu aika wasiƙu da yawa, wajen 5,000 a yini, su yi amfani da su. Ƙananan makarantu da asibitoci da ofisoshin ekklesiya masu adireshin kansu, da yawa wanda ya kafa musu ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ba mai dubawa.

Ko manyan ma ba su tsira sarai ba. A Disamba 2023 wani mai bincike, Timo Longin, ya nuna cewa kwamfutocin ba su daidaita a kan alamar da ke nuna ƙarshen wasiƙa ba. Ta wannan saɓani ya iya cusa wasiƙa ta biyu, mai sunan ƙarya, a cikin ambulan na ta fari, ta wuce masu gadi lafiya lau. An toshe wannan a wurare da dama bayan ya sanar.

Abin da ya sami wata ekklesiya

Amma ɓarawo ba ya wahalar haura katanga in ƙofa tana buɗe. Yawanci hanya mai sauƙi suke bi. Wani lokaci sunan da ke fitowa a waya kawai suke sauyawa, ka ga an rubuta sunan bankinka, in ka taɓa sunan sai ka tarar da baƙon adireshi a ƙarƙashi. Wani lokaci su buɗe adireshi mai kama da na gaskiya, su sa r da n kusa da juna a maimakon m, ko lamba 1 a maimakon harafin l. Wa zai lura da wannan a ƙaramar waya, da tsakar rana, a bakin kasuwar shinkafa ta Tudun Wada? Mafi muni duka shi ne su sace lambar sirrin mutum su shiga akwatinsa na ainihi. A nan ba hatimin da zai taimaka, gama irin na Yezebel ne sak, hatimin gaskiya a hannun maƙaryaci.

Haka ya faru da ekklesiyar Katolika ta Saint Ambrose a garin Brunswick, jihar Ohio ta Amurka. Suna cikin gyaran majami'arsu, suna biyan ɗan kwangila wata wata. Ɓarayi suka shiga imel na ma'aikata biyu, suka sa aka gaskata cewa kamfanin ginin ya sake banki. Aka tura kuɗi sabon asusun. Sai a Afrilu 2019 kamfanin ya buga waya yana tambaya me ya sa wata biyu ba a biya shi ba. Dala 1,750,000 na baikon jama'a sun tafi. Ka lura, ba mutanen ƙauye ba ne, suna da akawu da kwamfutoci. Kiran waya ɗaya tak zuwa ga ɗan kwangila kafin a tura kuɗin da ya isa. Hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai irin wannan damfara ta cinye wajen dala biliyan 2.9 daga waɗanda suka kai mata ƙara.

Abin kunya shi ne sunan ƙasarmu ya shiga cikin maganar. Obinwanne Okeke, saurayin da mujallar Forbes ta Afirka ta yaba a 2016, a 2018 shi da abokansa suka yaudari babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac a Ingila da shafin jabu, suka sami lambar sirrinsa, suka yi ta aika umarni da sunansa har wajen dala miliyan 11 suka salwanta. A 2021 kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 10. Ramon Abbas, wanda aka sani da Hushpuppi, an kama shi a Dubai a 2020, a 2022 aka yanke masa fiye da shekara 11. Ni dai a ganina iyayen da ɗansu ya tafi birni karatu, ya dawo da mota ba aiki ba sana'a, suka yi guɗa ba su tambaya ba, suna da rabo a cikin alhakin. Dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015 ba ta san wani abu wai shi wayo ba, sata take kiransa.

To, me ya kamata gida da ekklesiya su yi? Babban abu shi ne wanda dattawan garin Nabot ba su yi ba, watau a tashi a tambaya. Kowace wasiƙa da ta ce an sake lambar asusu, ko a tura kuɗi yau yau kada a gaya wa kowa, ma'aji ya ajiye ta, ya kira mai sunan ta lambar da ya riga ya sani, ba wadda ke cikin wasiƙar ba. Kada kuma ya danna amsa, gama akan shirya ta yadda amsar za ta koma wurin ɓarawon. In daga Riruwai ko Dadin Kowa kake, waya ta ƙi shiga, gara kuɗin su kwana biyu a hannunka har ka ga mutumin ido da ido. Dattawan ekklesiya su tsaya a kan tsohuwar al'adarmu ta sa hannun mutum biyu, ko da ta waya za a tura.

Ɗalibai kuma su riƙa duba ƙarshen adireshi. Na hukumomin gwamnatin Nijeriya yakan ƙare da gov.ng, kuma ba hukumar da za ta ce ka biya kuɗin samun gurbi ko aiki a asusun wani mutum. Banki ba ya tambayar lambar sirrin katinka ko lambar nan da yakan turo ta saƙon waya. Wanda aka buɗe wa imel a shago ya sake lambar sirri yau, ya sa wani yaro mai gaskiya ya kunna masa tabbaci na biyu, wanda sai an turo lamba a wayarsa kafin a shiga.

In kuwa kuɗi sun riga sun fita, kada kunya ta sa a yi shiru har Lahadi ta zagayo. A kira banki nan take, a bi da takarda a rubuce, domin su nemi bankin da ya karɓa ya riƙe asusun kafin a kwashe. Kada a share wasiƙar, gama a cikinta akwai sawun kwamfutocin da ta bi. A kai ta ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Kano, tare da rasit na banki da kwanan wata.