Kafin ka jefar da tsohuwar laftof, duba ma'ajiyarta

Yawancin laftof ɗin tokumbo da ke hannun ɗalibai da 'yan kasuwa, irin su HP EliteBook 8470p da Dell Latitude E6420 da ThinkPad T420, ba tsufa ne ya sa suke nauyi ba. Matsalar daga ma'ajiyarsu take, wato HDD, faifan da ke juyawa sau 5400 a minti guda yana karanta kusan megabayit 100 a daƙiƙa. SSD kuwa, wanda ake sawa a madadin HDD, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma mai haɗin SATA yana kai 500 ko fiye. Kwamfutar da sai ka yi ta jira kafin ta tashi, da zarar an sa mata shi sai ta tashi cikin daƙiƙoƙi.

SSD mai gigabayit 256 ya ishi mai rubuce-rubuce da shiga intanet. Sai dai a fara buɗe bayan kwamfutar a ga gurbin da take da shi. Mafi yawa suna ɗaukar mai inci 2.5, wasu mSATA, sababbi kuma M.2, wanda shi ma iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowace kwamfuta ke karɓar duka biyun ba. Nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Tsohon faifan ma kada a yar da shi. Idan akwai gurbin DVD da ba a amfani da shi, ana sayar da wani ƙaramin gida da masu gyara ke kira kadi, mai kaurin milimita 9.5 ko 12.7, a sa faifan a ciki ya zama rumbun hotuna da bidiyo. In babu, a sa shi a akwatin USB.

Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Akwai SSD da aka rubuta wa terabayit ɗaya alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ka cika shi fayilolinka su lalace. Manhajar H2testw tana tona asirin irin wannan, CrystalDiskInfo kuma tana nuna lafiyar na hannu da yawan awannin da ya yi aiki. Dukansu kyauta ne.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, a kwafe muhimman takardu a wani wuri, a zare caja, a cire batir. Don Allah kada ka bari mai gyara ya goge tsohon faifanka sai ka tabbatar komai ya koma sabon.