Wace Ce Auduga Mai Kyau?

Manoma, ku saurara. Sau da yawa mutum yakan kai audugarsa kasuwa, mai dubawa ya tura hannu cikin buhu ya ce lamba biyu ce. Sai mai kaya ya ɓata rai, ya ce ai fara ce fat. To, fari kaɗai bai isa ba. Wanda ke yanke wa auduga hukunci na ƙarshe shi ne mai masaƙa da zai kaɗa ta ya yi zare, shi kuwa ba ya zuwa kasuwar ƙauye.

Tun 1951 kamfanin Faransa, CFDT, ya soma aikin auduga a arewacin Kamaru. A lokacin can jiragen ruwa ke ɗaukar diloli daga Garwa, su bi Binuwai idan ruwa ya cika da damina. A 1974 aka kafa SODECOTON, babban ofishinta a Garwa. Yanzu yawancin audugarmu ta Duwala take fita, ta tafi masaƙun Asiya, kamar na Bangaladesh. Can kuwa ana jera ta da ta Amurka da ta Barazil, mai saye ya zaɓi wadda ya ga dama.

Me yake nema? Yana son sili mai tsawo da ƙarfi, wanda ya nuna sosai, gama silin da bai nuna ba ba ya shan rini daidai. Tsawon sili daga iri yake, shi ya sa ake raba muku iri zaɓaɓɓe. Kada ku gauraya shi da wanda ba ku san asalinsa ba.

Amma tsabta a hannunku take. Babban abokin gaba shi ne buhun leda, irin na takin zamani. Idan kun zuba auduga ciki, zarensa yakan tsinke ya shige ta. Injin gurza ba ya fid da shi, sai dai ya yayyanka shi ƙanana. A kaɗa, a saƙa, ba wanda ya gani. Sai ranar da aka rina yadi: auduga ta sha launi, leda ta ƙi, ga fararen layuka a jikin yadin. Mai masaƙa ya yi hasara, baɗi kuwa ya rage kuɗin audugar ƙasar baki ɗaya, har da ta wanda bai taɓa leda ba. Ku ɗiba cikin zane ko buhun auduga, ku ɗaure da igiyar auduga.

Sai kuma darɓa. Ƙananan ƙwari ne ke zubo ta daga ganye, ta sauka kan audugar da ta buɗe. Ido ba ya ganinta sosai, amma a masaƙa tana liƙe wa injin har ya tsaya. Maganinta kada a bar auduga ta daɗe a gona. Da ta buɗe, a ɗiba, ko da sau biyu ko uku ne.

Wani kan yayyafa ruwa ko ya zuba yashi don sikeli ya yi nauyi. Wannan ba wayo ba ne. Jiƙaƙƙiyar auduga rawaya take komawa, anguryarta kuma ta ruɓe, ba mai, ba iri. Ku bari raɓa ta bushe kafin ku shiga gona. Ku ware fara daban, mai dauɗa daban tun a gindin itacen, ku ajiye bisa tabarma cikin ɗaki mai rufi har ranar kasuwa.