Ina Takardun NPC Suke? Jagora ga Mai Binciken Siyasar Mazan Jiya a Lardin Sakkwato

Gabatarwa

Malaman makaranta da ɗalibai masu rubutu kan siyasar Jamhuriya ta Farko sukan yi tambaya iri ɗaya: a ina za a sami takardun Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC? Mai neman labarin NEPU bai cika shan wahala ba, domin akwai Gidan Mambayya a Kano, inda Malam Aminu Kano ya zauna, kuma 'ya'yan jam'iyyar da dama sun rubuta tarihin gwagwarmayarsu da hannunsu. Amma jam'iyyar da ta riƙe Jihar Arewa har zuwa Janairun 1966, wadda ta ci kujeru 134 daga cikin 312 a zaɓen tarayya na 1959, ba a tara takardunta wuri ɗaya ba. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna inda suka warwatsu, da irin taka-tsantsan ɗin da ya kamata a yi wajen karanta su.

Kafin a yi nisa, ya kyautu a warware kalmar "mazan jiya". Rabon 'yan siyasa zuwa na dama da na hagu ya samo asali ne daga majalisar Faransa ta 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi kuma a hagunsa. A nan Arewa, NPC ce ta tsaya kan a bar sarauta da En'e a matsayinsu, a yi gyara sannu a hankali, yayin da NEPU, tun daga sanarwar Sawaba ta 1950, ta ce talakawa da masu sarauta ba za su ci tuwo a kwano ɗaya ba. Ta wannan fuska, sunan ya dace da ita. Sai dai kada mai karatu ya manta cewa gwamnatin wannan jam'iyya ce ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta kuma kawo sabon kundin dokokin hukunta laifuka da ya fara aiki a 1960. Takardun su ne za su nuna abin da ta riƙe da abin da ta sauya.

Dalilin warwatsewa

A Ingila, jam'iyyar Conservative ta damƙa tsofaffin takardunta ga ɗakin karatu na Bodleian a Jami'ar Oxford tun 1978. Mu ba mu sami wannan gata ba. An kashe Firimiya, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ranar 15 ga Janairu, 1966, gidansa na Kaduna ya ci wuta, sannan a watan Mayu na shekarar gwamnatin soja ta Janar Ironsi ta rushe dukkan jam'iyyu. Ofisoshi suka watse, kowa ya yi ta kansa.

Akwai dalili na biyu, kuma a ganina shi ne babba. A lardi irin na Sakkwato, jam'iyya da En'e kusan jiki ɗaya ne. Shi kansa Sardauna ya fara da hakimcin Rabah a 1934, ya zama wakilin Sarkin Musulmi a Gusau, kuma yana cikin majalisar En'e kafin ya zama Firimiya a 1954. Haka abin yake ga yawancin waɗanda lardin ya tura Kaduna da Ikko: hakimai ne, ko 'yan majalisar Sarki, ko malaman makarantar En'e irin su Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shiga Majalisar Tarayya a 1954. Saboda haka aikin da a wata ƙasa sakataren jam'iyya zai rubuta a littafinsa, a nan magatakardan hakimi ne ya rubuta shi, ya kuma sa shi a fayil ɗin mulki. Wanda ya je neman akwatin da aka rubuta NPC a jikinsa zai dawo hannu rabbana, alhali kayan na nan jibge ƙarƙashin wasu sunaye.

Fayilolin lardi da na En'e

Wuri na farko shi ne Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Fayilolin ofishin Razdan na Sakkwato suna ƙarƙashin alamar Sokprof, na babbar sakatariyar lardunan Arewa kuwa SNP. Abin da za a fara nema shi ne rahoton shekara-shekara na lardi da rahotannin rangadin Di'o, daga 1948 zuwa 1960. A cikinsu ne ake ganin yadda zaɓen 1951 ya gudana hawa-hawa, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, da yadda doka ta ba En'e damar cusa mutanenta a hawa na ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa ya bayyana wa ɗalibi dalilin da ya sa ƙungiyar da ba ta zama jam'iyyar siyasa ba sai ranar 1 ga Oktoba, 1951, ta wayi gari da rinjaye a majalisa.

Daga nan sai fayilolin da ba a cika kula da su ba, waɗanda kuma sun fi kowanne faɗar gaskiya: takardun neman izinin yin lacca, da littattafan kotunan alƙalai, da rajistar gidan yari, da ƙarar da ake kaiwa kan hakimai da 'yan doka. A lokacin En'e ce ke ba da izinin taron siyasa, ita ke da ɗan doka, ita ke da alƙali. Idan mai bincike ya jera waɗanda aka ba izini da waɗanda aka hana, ya kuma dubi laifin da aka ɗaure ɗan adawa a kansa, to ya ga yadda jam'iyya mai mulki ta yi aiki a ƙasa, ko da sunanta bai fito a shafin ba. A fi mai da hankali kan gabashin lardin, wato Gusau da Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa da cinikin gyada da auduga suka tara baƙi, NEPU ta sami gindin zama, kuma saɓanin 'yan ɗariƙa na 1949 da 1956 ya cuɗanya da siyasa. Irin waɗannan takardu na lardi da na En'e akwai su a nan gida, a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, don haka malamin da ba shi da kuɗin motar Kaduna ba shi da uzurin zama.

Sai dai a tuna da wanda ya riƙe alƙalamin. Bature ya rubuta ne don ya gamsar da na sama da shi cewa lardinsa lafiya lau, hakimi kuma don ya kare rawaninsa. Kalmomi irin su "'yan iska" da "masu tada zaune tsaye" sau da yawa ba su nufin kome illa mutumin da ya sayi katin wata jam'iyya.

Gidan Arewa, jaridu da na ƙetare

Gidan Arewa da ke kan titin Rabah a Kaduna shi ne harabar gidan Firimiya. An mai da shi cibiyar bincike a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, daga baya ya koma hannun Jami'ar Ahmadu Bello. Nan da ma'adanar Kaduna ne ake neman takardun ma'aikatun gwamnatin Jihar Arewa da rubutattun muhawarorin Majalisar Wakilai da ta Sarakuna. Muhawarorin nan su ne bakin jam'iyyar, domin a nan ta kare manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, a nan kuma ake ganin dalilan da aka kafa na hana mata jefa ƙuri'a, abin da bai sauya ba sai a 1976.

Ta ɓangaren jaridu, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ita ce kan gaba, kuma editanta na farko, Alhaji Abubakar Imam, yana cikin waɗanda suka kafa NPC. Akwai kuma Zaruma, jaridar Lardin Sakkwato ta zamanin hukumar NORLA. Duka biyun kuɗin hukuma ne ya ɗauki nauyinsu, shi ya sa ya dace a gwama su da Comet ta Kano, wadda ta karkata ga 'yan adawa.

A Landan, ma'adanar gwamnatin Ingila da ke Kew tana riƙe da wasiƙun gwamnoni. Tsakanin 2012 da 2013 an buɗe fayilolin da Turawa suka kwashe a ɓoye daga ƙasashen da suka mallaka, masu alamar FCO 141, har da na Nijeriya. Littattafan C. S. Whitaker na 1970 da John Paden na 1986 duk an rubuta su kafin wannan buɗi.

Abin da ke hannun jama'a

Saura kuma abin da babu shi a kowace ma'adana. A unguwarmu ta Gidan Igwai, kamar sauran unguwannin birnin nan, akwai gidajen da idan aka buɗe adakar marigayi za a tarar da katin jam'iyya mai hoton fartanya, ko rasiɗin kuɗin ƙungiya, ko wasiƙar ajami daga wani hakimi, ko kaset ɗin waƙar da Musa Ɗanƙwairo ko Aliyu Ɗandawo suka yi wa Sardauna. Waƙoƙin nan da na marubutan jam'iyyu su ne suka isar da saƙo ga wanda bai iya karatun boko ba, kuma a cikinsu ne ake jin hujjar da aka fi kafawa ga talaka, wato biyayya ga gidan Shehu da tsoron kada 'yan Kudu su mamaye Arewa. Haka zancen yake ga NPN, wadda ta gaji yawancin mutanen NPC a 1978, ta kuma mulki Jihar Sakkwato ƙarƙashin Shehu Kangiwa da Dokta Garba Nadama har zuwa juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983. Shagari, Allah ya jiƙansa, ya bar littafin tarihin rayuwarsa na 2001, amma shugabannin mazaɓu da 'yan kamfe ba su bar kome a rubuce ba.

Wanda ya jefa ƙuri'a yana ɗan shekara 21 a zaɓen 1959, yau ya haura tamanin da biyar. Malamin da zai tura ɗalibansa wurin irin wannan dattijo ya umurce su su rubuta sunan gunduma da shekarar da ake magana a kanta, su ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, su mayar wa mai ita da abinsa, sannan su kai kwafi hukumar tarihi. Su kuma tambaye shi ko don ra'ayi ya shiga jam'iyyar, ko don uban ƙasarsa ya ce a shiga.