Zariya: Yadda kafintoci ke raba ɗaki ɗaya gida biyu

A unguwannin da ke kewayen Ƙofar Doka, ƙofar da ta haɗa tsohon birnin Zariya da Tudun Wada, magidanta da dama na zaune ne a ɗaki ɗaya tare da iyalansu. Tun bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 garin ke cika da ɗalibai da ma'aikata, abin da ya ƙara matsin wurin kwana.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi wajen rage wannan matsala ita ce shamakin katako mai naɗewa, wanda ake lulluɓe shi da yadi.

Batun sutura

A ginin gargajiya na Hausawa, zaure da shigifa ne ke kare cikin gida daga idon baƙo, a ciki kuma akwai zana da asabari da labule. Ɗakin haya ba shi da wannan gata.

Lamarin kuwa ya shafi addini. Aya ta 58 ta Suratun Nur ta umarci a koya wa yara neman izini a lokuta 3: kafin sallar asuba, da lokacin hutun rana, da bayan sallar isha'i. Wani hadisi da Abu Dawud ya ruwaito ya yi umarni da a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10.

Yadda ake haɗa shi

Kafinta kan haɗa firam 3 ko 4, kowanne tsawonsa kamar ƙafa 6, faɗinsa ƙafa 1 da rabi. An fi son katako marar nauyi, domin matar gida ta iya ɗauke shi ita kaɗai.

Wajibi ne katakon ya bushe sarai. Ɗanyen katako yakan karkace da zarar iskar hunturu ta kaɗa, sai firam ɗin ya ƙi naɗewa. Bayan an goge shi da samfefa, akan shafa masa maganin gara.

Daga nan sai a shimfiɗa atamfa ko yadi mai kauri, a fara kafawa daga tsakiyar kowane gefe zuwa kusurwa, ana ja domin kada ya tattare. Yadi mai shara-shara yakan nuna inuwar mutum idan an kunna fitila, shi ya sa ake ninka shi biyu.

A ƙarshe a haɗa firam ɗin da ƙarafunan maƙala ƙyaure, ɗaya ya naɗe gaba, na biye da shi ya naɗe baya. Wannan lanƙwasa ce ke sa shamakin ya tsaya da ƙafarsa ba tare da an fasa bangon mai gida ba, kuma ɗan haya zai tafi da abinsa ranar tashi.

Dabarar ta samo asali ne daga ƙasar Sin fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kafin ta bazu zuwa Japan da Turai. Irinsa ake gani a ɗakunan shan magani wajen kare majinyata.

Sai dai shamakin ido kawai yake karewa, ba ya tare sauti. Yadi kuma na saurin kama wuta, don haka dole a nisanta shi da risho da kyandir da maganin sauro na kunnawa.